Tiyon Da Na Sassauta A Motar Sale

Kafin in zama abin da na zama, ni bakanike ne a Safana, kuma in ana batun surutu ba ni da na biyu daga nan har Batsari. Ina iya sa mai ciwon haƙori dariya. Gyara kuwa rabi na iya, sauran rabin baki ke yi.

Sai wani abokina ya kawo mani wata 'yar na'ura daga Kano, ba ta fi tafin hannu ba. Ana jona ta a ƙarƙashin sitiyari, ta nuna lambar laifin inji. In fitilar gargaɗi ta kama a gaban direba, sai in jona, in yi gyaran murya, in karanto lamba kamar mai duba. Nan da nan aka naɗa ni Likita. Har wani mai jaki ya taɓa tambayata ko tana jonuwa a jikin dabba.

Wata rana ina canza wa wani mutum baƙin mai, gwiwar hannuna ta ture wani siririn tiyon iska a bayan inji, ban lura ba. Washegari ya dawo, inji na rawar sanyi, fitila a kunne. Na'ura ta ce P0171, wato iska ta yi wa inji yawa. Na leƙa, na ga tiyon yana lilo. Maimakon in ce laifina ne, sai na dafe kai na ce huhun motar ne ya kamu. Na tura shi ya yo sallah, na mayar da tiyo da yatsa biyu, na share lambar, na karɓi lada kamar na sauke inji.

Daga nan kuskure ya zama sana'a. Ba na cire tiyo, sassautawa nake, don sai mota ta sha gargada ta yi nisa da ni sannan ya zame. Mai mota ya dawo yana roƙona, yana kuma gode mani.

Sale direba mutumin garin Babban Duhu ne, yana da wata tsohuwar a-kori-kura da ta girmi wasu masu unguwa. Ya kawo ta da safe in duba fulogi. Da ya juya sayen goro, na kai hannu wurin ɗan tiyon da na saba, na tarar ya ɗaure shi da waya tam. Gefensa akwai wani mai kauri, wanda ke ba birki ƙarfi. Na san aikinsa sarai. Na ce a raina ai buhunan gero Sale ke ɗauka, kuma tafiyar hawainiya yake yi. Na sassauta.

"Likita, lafiyarta lau?"

"Har Makka za ta kai ka," na ce, muka yi dariya.

Da hantsi na shiga gida shan koko, na ji tsit. Na tambayi maiɗakina ina Barira, ɗiyarmu ta fari.

"Kai ma dai, Baban Barira. Ba na faɗa maka yau sunan jikar Inna a Karare ba? Matan unguwa sun yi shatar motar Sale, yanzu suka tashi har da ita."

Ban san inda kofin ya faɗi ba. Na kira Sale, layi bai shiga ba. Na sake kira, na sake. Na fizgi babur ɗin mai shayi ba tare da na ce masa komai ba, takalmi ƙafa ɗaya. Duk ramin da na faɗa, sai in ji kamar ina ganin tiyon yana zamewa. Ina gudu ina addu'a, ina cewa ya Allah ya riƙe, ya riƙe har Karare, in ya riƙe zan jefa na'urar a rijiya. Duk wanda na wuce sai in tambaye shi da ƙarfi ko ya ga motar mata, ya nuna gaba.

A wani gangare kafin kwalbati na tarar da su. Garken shanu ne ya ratsa hanya, Sale ya taka birki ya ji kamar dutse, ya kauce wa makiyayin, motar ta kwanta a kwari. Kwanukan suna sun watse, mata na salati. Allah ya sa ba a rasa rai ba. Barira na kwance, gefen motar ya danne mata ƙafa, tana cewa Baba, Baba.

Ga abin da ban taɓa iya mayarwa raha ba. Ban nufi wurin ɗiyata ba. Bonet ya buɗe, can na fara zuwa, na zura hannu in mayar da tiyon kafin wani ya gani.

Sale na zaune a ƙasa riƙe da karyayyen hannu. Ya dube ni, bai ɗaga murya ba.

"Likita, ɗiyarka na kiranka. Me kake nema a inji? Ni ban gaya wa kowa birki ne ba."

A kotu aka kawo wani bakanike daga Katsina ya jona tasa na'urar, lambar nan dai ta fito. Direbobi suka yi ta zuwa da labari iri ɗaya, kowa da huhun motarsa. Ban musa ba. A gidan yari ina ba fursunoni dariya da rana, har gandurobobi na zuwa saurare, amma da na rufe ido sai in ga hannuna cikin inji, murya na kirana a bayana.

Ranar da aka sake ni, Barira ce ta zo tarbata. Tun kafin in gan ta na ji tafiyarta, ƙafa ɗaya na taka ƙasa, tana jan ɗayar. Ta durƙusa da ƙyar ta ce, "Baba, sannu da fitowa." Ta yafe, Sale ma daga baya ya yafe, na kuma tuba ga Allah. Ƙafar dai ba ta miƙe ba.

Samari masu koyon sana'a, ku ji ni. Na'ura ba ta ƙarya, mai riƙe da ita ne ke yi. In lamba ta fito, ku kira mai mota, ku nuna masa tiyon da idonsa, ku mayar a gabansa. In ku kuka ture shi, ku faɗa tun a ranar farko. Kada ku ce ai buhu kawai motar ke ɗauka, ba ku san wanda zai hau gobe ba. Ni har yau ina ba mutane dariya a gareji, amma da na ji Barira ta shigo layi da kwanon abincina, tun daga nesa nake yin shiru.