Kyamara ta Biyar

Shekarar da aka cire tallafin mai, lokacin da farashin kwanon gero ya zama abin da ake fara tambaya kafin lafiyar iyali, a shekarar ce yayanmu ya gano wai akwai ɓarawo a gidanmu na Gwarzo. Baba bai cika shekara da rasuwa ba. Mabuɗin sito, ɗakin da muke ajiye hatsi, ya koma aljihun Yaya, ita kuma Inna tana da nata kamar yadda take da shi tun muna yara. Yaya ma'aikaci ne a wani ofis a Kabo, irin ofishin nan da ake zuwa a sa hannu a dawo, saboda haka yana da isasshen lokacin zana layi da gawayi a jikin buhu. Kowane mako sai ya ga gero ya sauka ƙasa da layinsa fiye da abin da tukunyar gida take ci.

Sai ya shiga cika baki a zaure. Duk wanda ya kama, in ji shi, sai gaban alƙali, ai Shari'a ake yi a jihar nan ba wasa ba. Mutumin da ko akuya ta shiga gonarsa sai ya nemi mai kora masa, shi ne yake maganar alƙali har da buga ƙafa.

Ni a lokacin ina Kano, ina aikin jan kebul da ɗaura kyamarori a ofisoshi da shaguna. Yaya ya kira ni a waya ya ce, "Tunda ka ƙi aikin gwamnati ka zaɓi hawa silin, zo ka yi mana amfani ko sau ɗaya."

Ranar da na iso, bayan na gaishe da Inna, ta sa na matso kusa da tabarmarta. Ta ce, "Abin nan da za ku rataya, har ƙofar baya zai gani?"

Na ce in an sa shi a can zai gani.

Ta ce, "To, kada a sa."

Sannan ta gaya mini. Bayan katangarmu gidan Malam ne, wanda ya koya mana karatun allo ni da Yaya duka, kuma shi ke jan mu salla a masallacin ƙofar gida. Duk kaka Baba yakan aika masa da dammuna ba tare da an yi magana ba. Da Yaya ya karɓi gida ya soke wannan, wai lokacin tsuke bakin aljihu ne. Iyayen yara kuma sun daina aiko da abin Laraba. Gidan Malam ya kai ana ɗora tukunya sau ɗaya, wata rana ba a ɗorawa. Matarsa, wadda muke kira Gwaggo, ita ce ke biyowa ta ƙofar baya da hantsi idan maza sun watse, da ƙwarya a ƙarƙashin hijabi, Inna ta auna mata kwano biyu. Malam bai sani ba, ko kuma ya sani ya ƙi sani. Abin da Inna take tsoro ɗaya ne, kada asirin gidan nan ya tonu.

Wani zai ce me ya hana ta gaya wa Yaya da bakinta. Yaya ɗan farinta ne. Tun da aka yaye shi kakarmu ta ɗauke shi, kuma a tsawon rayuwata ban taɓa jin Inna ta kira sunansa ba, ban taɓa ganin ta zauna hira da shi ba. In ya gaishe ta, bango take amsa wa. In tana da saƙo sai ta ce, "Ku gaya wa wancan." Shi ma da ya fara bincikensa bai tambaye ta ba, matarsa ya tura. Inna ta ce a gaya masa ita ba ta ga ɓarawo ba, kuma gaskiya ta faɗa.

Ke nan saƙon yana hannuna. Abin da ya kamata in yi bai fi in ja Yaya gefe in ce masa ga yadda ake ciki ba. Amma na san bakinsa, na kuma san kallon da yake yi wa ƙani mai kawo shawara. Sannan, in faɗi gaskiya, ina ji da kaina. Na ce a raina wannan ai ƙaramin abu ne, da kayan aiki zan kashe maganar ba tare da kowa ya ji kunya ba.

Dabarata a suwic take. Suwic wani ɗan akwatin ƙarfe ne mai bakuna a jere, kowace kyamara da bakin da ake cusa kebul ɗinta, daga nan hoto ya wuce zuwa rikoda mai ajiyewa. Mai kyau shi ne wanda yake tura wa kyamara wuta ta cikin kebul ɗin da hoton yake bi, ba sai an ja mata wata wayar wuta daban ba. Akwai mai ɗaukar kyamara huɗu, akwai mai takwas, akwai fiye. Yaya ya riga ya sayo kyamara biyar. Ni kuwa na koma Kano na zaɓo masa mai ɗaukar huɗu. Na ce batirin solar gidan ba zai ja babba ba. Ya gyaɗa kai kamar ya gane.

Kwana biyu ina aiki. Na ɗaura suwic da rikoda a zaure, sama da inda hannu yake kaiwa. Na bi jikin katanga da bututun roba don kada ɓera ko akuya su ɗanɗana kebul. Kyamara ɗaya ƙofar gida, ɗaya lungun gabas, ɗaya turken tumaki, ɗaya ta kalli katangar da Yaya ya rantse ta nan ɓarawon yake haurowa. Ita kanta ƙofar siton ban sa mata ba, don tana tsakar gida inda mata ke zama ba lulluɓi, wannan ko Yaya bai yi musu ba. Ta biyar na mayar da ita kwali, na ce babu bakin da za a sa ta. Na koma Kano ina yaba wa kaina.

Mako uku Yaya yana kallon tumaki suna tuƙa a talabijin, gero kuma yana ta sauka.

Akwai wani abokin aikinsa a Kabo, mutum mai biro uku a aljihu, wanda ya san komai tun daga maganin basir har yadda ake tuƙa jirgin sama. Shi ya gaya masa an cuce shi, akwai suwic mai baki takwas, kuma ya fi araha. Suka sayo. Suka jona kyamara ta biyar da guntun kebul a nan zaure don gwaji, ta ƙi ko ƙiftawa. Suka hura bakin, suka jijjiga akwatin, abokin har ya ɗan buga shi da tafin hannu kamar rediyo. Sai aka sake kirana.

Na iso ranar Asabar da yamma, majalisa ta cika. Kallo ɗaya na yi wa akwatin na gane irin wanda ba ya ba da wuta ne, ko bakinsa ɗari ne kyamara ba za ta tashi ba. Da na yi shiru, ko na ce kyamarar ce ta lalace, da shi ke nan. Sai mai biro uku ya dubi jama'a ya ce, "Ai yaran nan na yanzu ba su iya aiki ba, ɗaure-ɗaure kawai suka sani. Shi ma bai san abin da ya hana ta kamawa ba."

Aka yi dariya. Raina ya ɓaci, kuma na daɗe da sanin cewa in raina ya ɓaci bakina yakan riga hankalina.

Na ce, "Ranka ya daɗe, abin da ka sayo ba ya tura wuta. Kyamarar lafiyarta ƙalau. Cire kebul ɗaya daga wancan mai huɗun ka sa nata ka gani."

Na cire na turken tumaki da hannuna, na cusa nata. Ta kawo hoto tar. Majalisa ta ce kai, yaro ya san aiki. Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi, na kusan minti ɗaya.

Yaya ya ce, "Ashe haka ne? To tumaki sun isa kallo. Ja mini ita ƙofar baya, nan kaɗai ya rage."

Abokinsa ba zai iya shiga cikin gida ba, gidan ba na shiga ba ne. Ni ne ɗan gida, ni na ja kebul ɗin. Na bi da shi ta saman ɗakin girki lokacin da Inna take sallar magariba a ɗakinta. Ina jan kebul ina shirya wata dabarar, cewa in na zo matse kansa zan bar waya ɗaya a sake, gobe da safe kyamarar ta mutu a ce zafi ne. Na jera siraran wayoyi takwas da ke cikin kebul ɗin, na sa filaya, na matse. Hannuna ya yi abin da ya saba. Ban taɓa matse kan kebul mai kyau kamar wannan ba.

Na ji kunyar in gaya wa Inna a daren. Na ce sai da safe. Da safe Yaya ya ɗauke ni a babur zuwa gonarmu ta wajen Lakwaya, wai in ga inda ruwa ya ci kunya, na bi shi ina cewa ai ba kullum Gwaggo take zuwa ba. Ba mu dawo ba sai bayan azahar. Ya wuce sito kai tsaye, ya fito fuskarsa tana sheƙi. Gero ya sauka.

Na ce, "Yaya, mu duba mu biyu tukuna."

Ya ce, "Ɓarawo ake rufa wa asiri? Shari'a da shaidu take tafiya."

Da aka idar da la'asar ya tsaya a bakin masallaci ya gayyaci mutane. Ya kama hannun Malam da kansa ya ce, "Malam, kai ne babbanmu, kai za ka fara shaida." Malam ya shigo zaure da carbinsa, aka shimfiɗa masa buzu a gaba, daf da talabijin.

Filogin rikodar yana bayana, taku biyu. Na sha auna wannan taku biyun a raina. Ban motsa ba, don in na cire za a tambaye ni dalili a gaban mutane, ni kuma har lokacin ina neman hanyar da ba zan buɗe baki ba. Yaya ya koyi mayar da hoto baya a makonnin da ya yi yana kiwon tumaki a allo, bai ma nemi taimakona ba.

Hoton ya fito fes, har zaren da ya zare a bakin hijabin ana gani. Ƙofar baya ta buɗe. Gwaggo ta shigo tana waige. Inna ta fito daga gefe da kwano, ta juye a ƙwarya, ta koma ta ƙaro, sannan ta dafa kafaɗarta. Gwaggo ta share ido da gefen hijabi, ta rufe ƙwaryar, ta fita.

Mai biro uku ya sunkuyar da kai yana gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Hannun Yaya yana kan na'urar, hoton kuma ya ci gaba da nuna ƙofar da babu kowa.

Malam ya miƙe a hankali, ya naɗe carbinsa. Ya ce, "To, na shaida. Iyalina ce. Allah ya saka wa mahaifiyarku da alheri." Ya sa takalmi ya fita. Da magariba wani ne ya ja salla.

Kafin mako ya zagayo aka kawo mana gero a ƙullin buhu, ba mu san inda Malam ya samo shi ba, an dai daina ganin tunkiyarsa. Yaya ya ɗauki buhu guda a ka da kansa ya kai ƙofar gidan Malam, aka ce a gaya masa an gode, akwai abinci. Gwaggo ba ta sake takowa ƙofar baya ba. Daga baya Yaya ya riƙa gaya wa mutane laifin na'ura ne, kayan Nasara ba su da albarka, kamar na'urar ce ta tsaya a bakin masallaci tana kiran shaidu.

A ranar da abin ya faru, bayan zaure ya watse, na shiga cikin gida. Labari ya riga ni. Inna tana zaune a bakin ɗakinta, kwanon awon yana kife a gefenta. Na durƙusa, na fara zuba bayani a kan Yaya, yadda ya ƙi jin maganata, yadda ya tara mutane, yadda abokinsa ya zuga shi. Ina tsammanin yau kam za ta ajiye kunyar shekara arba'in ta kira shi ta wanke shi tas, kuma ina so in ga hakan.

Ta bar ni har na gama. Sannan ta dube ni, irin duban da ba ta taɓa iya yi wa ɗan farinta ba, ta ce, "Wancan bai sani ba. Kai na gaya wa."