Bencin Sista a Wajen Ƙofar Kamfani

Kullum da ƙarfe shida saura kwata na safe take sauka daga bas a bakin kamfanin lemon kwalba, amma ba ta shiga. Sai ta jawo bencin masu gadi zuwa wajen ƙofa, ta zauna, ta fito da na'urar awon hawan jini daga jaka. Na'urar tata ce, ba ta kamfani ba. Kafin ta gama warware ta, leburori 'yan aikin safe sun yi layi. Ba ta doguwar gaisuwa. "Naɗe hannu" shi ne ina kwananta, har ya bi ta ya zama suna: Sista Naɗe-Hannu. Ta auna mutum, ta rubuta lambar a guntuwar takarda, ta danƙa masa, ya jefa a aljihu. Ita ba ta ajiye komai. Da jiniya ta yi kuka sai ta mayar da benci, ta shiga ɗan asibitin kamfani ta sa farar riga. Shekara goma sha tara ke nan tana haka, cikin ashirin da takwas da ta yi a wurin, kuma ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Wanda bai san kamfanin ba zai ce wahalar da kai ce, tunda ga asibiti a ciki. To, gini ɗaya ne amma mutane iri biyu ne. Na hawan sama suna da ruwan sanyi, da ɗakin motsa jiki, da katin babban asibiti. Na ƙasa 'yan kwantiragi ne, suna tsayuwar awa goma sha biyu da hutun minti ashirin, a ba kowa lemo kwalba biyu kyauta. Da yawansu lemon nan da burodi ne abincin ranarsu. A bangon wurin cin abinci kuma an manna fosta mai cewa a rage zaƙi, a yi barcin awa takwas, a riƙa motsa jiki. Mutumin da ya yini yana ɗaga akwatuna shi ake yi wa nasihar motsa jiki! Sista ba ta taɓa nuna wa kowa fostar nan ba. Ita tambaya take yi: me ka ci jiya, ƙarfe nawa ka isa gida, akwai murhu a ɗakinka? Sai ta ji amsa sannan ta ba da shawarar da mutum zai iya bi.

Sau ɗaya a shekara ake awon kowa da kowa. Wanda jininsa ya hau ba a cewa an kore shi, ba a dai sabunta masa kwantiragi. Shi ya sa leburori suka samo dabara. Ana gobe awo sai a tsallaka titi wurin mai kemis, a sayo ƙwayar hawan jini guda biyu, a haɗiye da safe. Shekaru Sista ta yi tana mamakin yadda ƙattin da take gani suna dafe ƙeya suke zuwa mata da jini lafiyayye kamar na 'yan makaranta.

Baban 'Yan Biyu ne ya warware mata. Shi ne direban motar ɗaga kaya, kuma a wata shekara, kafin ranar awo, mako guda ya yi kansa na sara, saboda haka maimakon biyu ya haɗiyi huɗu. Ya zauna gabanta yana zufa mai sanyi, da ya miƙe jiri ya kwashe shi. Saura minti goma ya hau motar nan ya ratsa tsakanin mutane da kaya a sama. Ta kwantar da shi, ta ɗaga masa ƙafafu, ta tsare shi da ido har ya faɗi gaskiya.

"Sista, ki rufa mini asiri, Allah ya rufa miki. 'Yan biyu sun shiga sakandare. Ki rubuta lafiya lau kawai."

"Baban 'Yan Biyu, ƙarya ba zan rubuta ba. Awon yau kuma na ƙwaya ne, ba naka ba, shi ma ba zan rubuta ba. Je ka gida. Ka dawo mini jibi, kada ka haɗiyi komai."

Da jibin ta zo, lambar da ta fito ta tayar mata da hankali. In ta shigar da ita littafi, aikinsa ya tafi. In ta ɓoye, wata rana zai yanke jiki ya faɗi a kan sitiyari. Sai ta hau sama wurin manaja. Ba ta yi masa zancen tausayi ba, ta san ba shi ne yarensa ba. Ta tambaye shi wata nawa sabon direba yake yi kafin ya daina fasa kwalabe. Ta kafa ta tsare har ya ba ta mako shida, aka mayar da Baban 'Yan Biyu bakin sito yana duba motoci. Ta tura shi asibitin gwamnati, likita ya ɗora shi a kan maganin kullum. Da yake duk abin da aka auna cikin kamfani dole ya shiga littafin kamfani, sai ta koma auna shi a waje, a kan bencin masu gadi. Abokansa suka gani, ɗaya bayan ɗaya suka fara naɗe hannu. Bayan mako shida ta rubuta gaskiya, gaskiyar kuma ta mayar da shi kan motarsa.

Ba kowa ta ceta ba. Helman sashen wanke kwalba, wato shugaban leburorin wurin, ya ce shi lafiyarsa ƙalau, kullum ta gefen bencin yake wucewa, yau yana gida ɓarin jikinsa ya shanye. Kamfanin ma ba ta canza shi ba. Lemon kyauta yana nan, fosta tana nan, an ma sake mata launi. Ita da bakinta take faɗin haka, ba tare da ɗaci ba.

Amma ke ce, Sista, kika gane cewa mutumin da ke tsoron awo ba jahili ba ne, aikinsa yake karewa. Ke ce kika raba lafiyar lebura da littafin mai ɗaukarsa aiki, kika sa masa ita a aljihunsa. Uwar 'yan aikin safe, akwai gidaje da yawa da har yau maigida ke dawowa da ƙafarsa saboda ke, matansu kuwa ko fuskarki ba su sani ba.

Kamfani ya ce ba zai ɗauki wata a madadinta ba, wani asibitin kuɗi ne zai riƙa zuwa sau ɗaya a shekara. Mai kemis ne ya fara taya ta murnar ritaya, bakinsa har kunne. Ita kuwa mako uku ke nan tana koya wa Baban 'Yan Biyu na'urar, tana yi masa faɗa yana ɗaure hannun mutane kamar buhu. Shekaranjiya da layi ya ƙare sai ya juyo gare ta da furfurarsa, ya ce, "Naɗe hannu, Sista." A shekara goma sha tara ba wanda ya taɓa ce mata haka. Ta naɗe. Ya duba lambar, ya sake aunawa, ya rubuta a guntuwar takarda, ya ce gobe ta je ta ga likita, ba sai jibi ba. Ta karɓa ta jefa a jaka.

Mun gode, Sista, Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar da kika tsare wa wasu. Duk mai ilimin aikin nan da ke karantawa, a unguwarku ma akwai ƙofar kamfani, akwai benci, akwai masu tsoron awo. Rabin awa da safe ta isa. Ke kuma, Sista, maganar likitan nan tana nan, Baban 'Yan Biyu ya ce zai tambaya.