Kunnen Ɗan Makaɗi

Yaron bai kai wata shida ba na fara zargin ba ya ji. Kwano ya suɓuce mini a tsakar gida, kaji suka watse, shi ko motsi bai yi ba, yana bisa tabarma yana tsotsar hannu. Ɗan fari ne, uwa ba ta nuna damuwa da ɗan fari, ko sunansa ba na kira. Sai na haɗiye abin. Na daina cin abincin kirki, in na goya shi ina daka sai in riƙa satar kallonsa ta kafaɗa.

Maigidana makaɗi ne. Su huɗu ne, suna zuwa biki da suna a cikin Gure da ƙauyuka, a zaurenmu kuma suke gwaji kowace la'asar. Shi ganga yake kaɗawa. A Gidigir ya tashi, babansa mai gangar noma ne, irin masu bin manoma ranar gayya suna zuga su, shi ya sa hannunsa da nauyi, ko ƙofa ya ƙwanƙwasa sai maƙwabta sun leƙo. Akwai dattijo mai algaita, Bamange, wato Babarbare, daga Kelle, a gidansu busa gado ce, Baba nake ce masa. Mai gita kuwa bai gaji komai ba. Aparanti ne a da, wato yaron babbar mota, a hanyar arewa, daga kaset ɗin direbansa ya ɗauki kiɗan Buzaye, ya ce da wayar birkin keke ya haɗa gitarsa ta farko. Na huɗun Bafulatani ne daga wajen Bune, mai sarewa, a bayan shanu ya koya. Ba ya son magana.

Ranar da na kasa daurewa, na kai musu ruwa zaure da yaron a bayana. Na durƙusa na ajiye, sai hawaye.

"Ke, lafiya?" in ji maigida.

Kaina a ƙasa na ce, "Wannan yaron kamar ba ya ji."

Ya yi dariya. "Ɗana? Sauko da shi."

Na zaunar da shi bisa cinyata. Maigida ya zaga ta bayanmu ya saki ganga har ruwan kwanon ya yi rawa. Yaron ya yi hamma.

Baba ya ce, "Gangar manoma ce, wa zai waiwaya? Matsa." Ya jiƙa bakin algaita, ya cika kumatu ya busa. Akuyarmu ta tsinke igiya. Yaron yana ta wasa da bakin zanena.

Mai gita ya murɗa lasifika har ƙarshe, ya ce wannan kiɗan shi ke hana direba barci a sahara. Ya kaɗa, ya kaɗa. Idon yaron ya fara lumshewa.

Na dubi maigida. Ya ajiye makaɗi, ya zauna bisa gangar, abin da ba ya yarda kowa ya yi. Daga nan na san shi ma tsoro ya kama shi.

Sai mai sarewa ya ce, "Baba, ku bari haka."

"To, bawana ya yi magana," in ji Baba. Tsakanin Barebari da Fulani akwai wasa, kullum haka suke. "Abin da algaita ta kasa, karan dawarka zai yi?"

"Tsohon bawa, adana numfashinka, saura kaɗan ya rage maka." Mai sarewa ya juyo gare ni. "Amarya, tun yana ciki a nan muke gwaji, ko ba haka ba?"

Na ce haka ne.

"Mun taɓa samun maraƙi da aka haifa bakin hanyar mota. Babbar mota ta wuce, ko kunne ba ya ɗagawa. Yaron nan ya gaji da ku ne."

Ya sa kowa ya yi shiru. Muka jira har aka ji tattabaru a rufin zaure. Bai ma taɓa sarewar ba. Ya tsuguna can bayana, ya ƙyasta harshe a hankali, yadda suke kiran maruƙa.

Yaron ya juya kai.

Mai sarewa ya koma ɗaya gefen ya sake. Yaron ya bi shi, har da wage baki.

Maigida ya ce alhamdulillahi ya fi a ƙirga, yana share fuska da hula. Baba ya ce, "Allah ya sauwaƙe, jikana ya tashi da kunnen saniya." Ni dariya da kuka suka haɗe mini, na manta da kunya na rungume ɗana a gabansu.

Duk da haka ranar awo na kai shi gidan likita, na faɗa wa matar da ke awon komai. Ta duba, ta gwada shi ta nan ta can, ta ce kunnuwansa lafiya lau. A hanyar gida na yi ta ƙyasta harshe yana waiwayowa. Kafin mu kai ƙofa ya gaji da ni ma, ya daina kulawa. Na bar shi ya yi barcinsa.