Katakon Eleodoro Isuiza

Haihuwa da tasowa

An haifi Eleodoro Isuiza Panduro a shekarar 1931 a garin Contamana da ke bakin kogin Ucayali a ƙasar Peru. Mahaifinsa, Wenceslao Isuiza, masassaƙin kwale-kwale ne, mahaifiyarsa kuwa, Otilia Panduro, busasshen kifi take sayarwa. Ya shiga makarantar coci a 1938, ya bar ta daga aji huɗu sakamakon rasuwar mahaifinsa, sannan a 1948 ya bi wani jirgin kaya zuwa Puerto Remanso, garin da ya ƙare rayuwarsa a cikinsa.

Shiga sana'ar dako

A wancan zamani tashar jiragen Puerto Remanso gaɓa ce ta laka kawai, kuma duk abin da jirgi ya kawo, gishiri ne ko kananzir ko siminti, a bayan mutum yake sauka, ta kan wani dogon katako da ake shimfiɗawa daga bakin jirgi zuwa tudu. Bisa al'adar 'yan dakon garin, kowace ƙungiya tana da yankinta na gaɓa muddin katakonta yana kwance a wurin. Ana jan sa sama idan kogi ya cika, a bi ruwa da shi idan ya janye, amma ƙungiyar da ta ɗauke nata har kogi ya cika ya janye babu shi, to ta rasa wurin, wanda ya riga shimfiɗa nasa shi ne mai shi. Ba wata hukuma ce ta kafa wannan doka ba, amma ba a taɓa jin wanda ya taka ta ba.

Eleodoro ya shiga ƙungiyar da ke riƙe da gaɓar gaban kasuwa, wadda ta fi ko'ina zurfin ruwa, ya kuma zama shugabanta a 1961.

Aure da iyali

A 1955 ya auri Zoila Amasifuén, wadda ke dafa wa 'yan dako ayaba da kifi a bakin tasha. Da aka haifa musu ɗan fari a 1957, Nemesio Tuanama ne ya tsaya wa yaron a wajen baftisma. Shi Nemesio shi ne shugaban ƙungiyar da ke maƙwabtaka da ta Eleodoro, kuma tun daga ranar suke kiran juna ɗan'uwa, ba tare da sun fasa rigimar jirgin da ya tsaya a kan iyakarsu ba.

Komawa sabuwar tasha

A 1974 wani kamfani ya gina tashar kankare da injin ɗaga kaya a gwiwar kogin, wato inda ya yi kwana a sama da gari, ya nemi ƙungiya guda da za ta koma can gaba ɗayanta. Eleodoro, wanda ya zuwa lokacin ya binne mutum biyu da suka zame daga katako da kaya a bayansu, ya shawo kan mutanensa su amsa. Waɗanda suka halarci ranar ɗauke katakan sun ruwaito cewa Nemesio ya tsaya a kan nasa yana kallo, ya ce, "Ɗan'uwa, ka tambayi kogin kuwa? Ya ce maka a can zai zauna?" Eleodoro ya ce masa, "Kai dai zauna cikin lakarka. Ranar da bayanka ya ƙage ka aiko, in turo inji ya kai ka gida."

Mutanensa suka yayyanka katakan suka yi daɓen ɗaki da su. Guda ɗaya ya rage, na icce mai tauri, wanda ya tura ƙarƙashin gidansa. Da kogi ya cika ya janye, Nemesio ya shimfiɗa nasa a gaɓar gaban kasuwa, domin al'ada ta ba shi wurin.

Shekarun rashin gaɓa

A cikar kogi ta 1979 ruwa ya yanke gwiwar ya ɗauki sabuwar hanya, aka wayi gari tashar kankare tana fuskantar rairayi, babu jirgin da zai iya isa gare ta. Kamfanin ya kwance injinsa ya tafi. Mutanen Eleodoro suka dawo gari ba su da inda za su sauke ko buhu ɗaya da sunansu, suka koma jiran wata ƙungiya ta rasa hannu ta kira su, wasunsu kuma suka daina gaishe shi a hanya.

Nemesio ya yi masa tayin gurbi a ƙungiyarsa, shi kaɗai. Eleodoro ya ƙi, bisa hujjar cewa ba shi kaɗai ya tafi ba, ya koma tura kura tsakanin kasuwa da shaguna. A shekarun nan ne ya ɗauki ɗabi'ar bin gaɓa da ƙafa duk ƙarshen cikar kogi, yana duba inda ruwa ya ci tudu. An ce Zoila ta sha neman ya fasa mata katakon nan ta yi girki, amsarsa kuma guda ce: "Ki bar shi, uwargida, akwatin gawata ne. Kin ga na rage miki hidima."

Sabuwar gaɓa

A watan Mayun 1988 ruwa ya zabtare tudun da ke ƙasa da mahauta, ya bar gaɓa mai zurfi da ba ta da mai ita. Eleodoro, yana da shekara hamsin da bakwai, gwiwoyinsa kuma sun riga sun lalace, ya bi gidajen mutanensa na dā, waɗanda ke gaishe shi da waɗanda ba sa yi, suka jawo katakon daga ƙarƙashin gida suka shimfiɗa. Ba a jima ba Nemesio ya iso da mutanensa ɗauke da nasu. Ya dubi tsohon katakon ya ce, "Wannan abin zai ɗauki mutum kuwa?" Eleodoro ya ce, "Hau ka gani, ɗan'uwa. In ya ɗauke ka, zai ɗauki saniya." Nemesio ya hau har tsakiya, ya girgiza shi da nauyinsa, ya sauko, ya ce wa mutanensa su juya da nasu.

Eleodoro bai sake ɗaukar kaya ba bayan wannan shekara. Ya miƙa shugabanci ga ɗansa na fari a 1990, amma ya ci gaba da zuwa gaɓa yana nuna inda za a ja katako ya tsaya.

Rasuwa da jana'iza

Ya rasu a gidansa ranar 9 ga Fabrairun 1996, yana da shekara sittin da huɗu, bayan jinyar ciwon ƙirji. Saboda maganarsa ta akwatin gawa sananniya ce a garin, kafinta ya nufi gaɓa da zarto, ƙungiyar kuma ba ta hana shi ba, tunda zuwa lokacin tana da sababbin katakai kwance a wurin. Zoila ce ta tare shi. Ta ce, "Sau ɗaya ya ɗauke katako a rayuwarsa, muka yi shekara tara muna shan wuyarsa. Ka nemi wani iccen."

An yi akwatin da katakon da aka sayo a kasuwa. Bayan addu'a a coci, 'yan dako suka ɗauke shi a kafaɗa zuwa maƙabartar garin, Nemesio yana biye da su da sandarsa. Ya bar matarsa Zoila da 'ya'ya biyar: Otilia, malamar makaranta a Contamana, Hermelinda, mai ɗinki, Abelardo, matuƙin jirgin ruwa, Dorila, wadda ta gaji tukunyar mahaifiyarta a bakin tasha, da babbansu, Wenceslao, shugaban ƙungiyar gaɓar mahauta. Tsohon katakon ba ya ɗaukar kaya yanzu, amma duk shekara shi ake fara ja sama idan kogi ya taso.