Turare Ɗaya, Adireshi Huɗu

'Yata tana da wata shida na fara haɗa turaren wuta na sayarwa, irin wanda kakata ta zo da shi daga Borno. Maigidana ya yarda, amma da sharaɗi: duk ranar da baƙon ido ya ƙwanƙwasa mana ƙofa saboda turare, ranar sana'a ta ƙare. Ban yi musu ba. Ni ce fa mai leƙa numfashin yarinya sau uku kafin shinkafa ta nuna.

Kwalabe a Sabon Gari nake saye, wajen wata Madam 'yar Ibo haifaffiyar Kano, wadda Hausarta ta fi tawa gudu. Ita ta buɗe mini ɗan shafi a intanet. Mako uku ina rubuta "turaren wuta Kano" a waya, ina ja har yatsana ya gaji, ban ga kaina ba.

Madam ta ce, "Maman Bebi, injin binciken nan kamar dangin ango yake. Ba ruwansa da abin da kika faɗa a kan kanki, sai ya ji daga bakin maƙwabta."

Ta nuna mini shafukan da ake jera 'yan kasuwa, ta ce in cike guda huɗu idan na koma gida: suna, sana'a, lamba, adireshi. Sannan matan cocinsu za su yi bikin godiya, duk wanda ya ba da gudummawa za a sa shi a shafinsu, a danna sunansa a faɗo nasa shafin. Na ba da kwalba shida.

A gida, da na zo kan adireshi, na tsaya. Har na hango wani ƙato mai baƙin tabarau tsaye a layinmu na Kwaciri. Sai na rubuta Titin Ibrahim Taiwo a na farko, ba lamba, titin da tsawo, su yi ta nema. Na biyu Kasuwar Sabon Gari. Na uku Fagge kawai. Na huɗun ne ya kafe sai da lambar gida. Na daɗe ina kallonsa, sannan na sa ta Yaya, yayar maigidana da ke Rijiyar Lemo. Tana da ƙyauren ƙarfe da muryar da ke tsallake katanga. Kuma ita ce ta taɓa cewa turarena ƙaurin tsumma yake yi. Allah ya yafe mini, ina dariya na danna.

Ashe mai rubuta wa matan coci godiya ta nemi adireshina, ta ɗauki mai lambar nan.

Ranar Lahadi bayan azahar baƙuwar lamba ta yi ta kirana. Maigida yana zaune a gefena, na ƙi ɗagawa. Can sai ga kiran Yaya.

"Ke, zo ki kwashi baƙinki."

Na goya yarinya, na ce zan je gaida Yaya. A cikin Keke Napep babu addu'ar da ban yi ba.

Matan cocin Madam biyar na tarar a falonta, ɗaurin kansu na neman taɓa fanka, suna shan zoɓo. Falon ya turnuƙe da ƙamshi. Kwalbar da na ba Yaya da salla ce a kan tebur, saura kaɗan a ciki.

"Ga mai turaren nan," in ji Yaya. "Ga ta nan kamar ba za ta aikata ba."

Ta ja ni kicin. "Ƙanena ya sani?"

"A'a, Yaya."

"Gidana kika mayar kanti?"

"Yaya, shafin ne ya ƙi…"

"Shafin ne ya san lambar gidana?"

Na sunkuyar da kai. Ta ciro waya ta kira shi a gabana, ta sa yadda zan ji. Ta tambaye shi aiki, ta tambaye shi ciwon bayansa, ta tambaye shi ko ya gyara famfo, tana kallona ta gefen ido. Sai da ta ga hawaye ya taru mini ta ce, "Daga yau masu sayen turaren matarka gidana za su riƙa zuwa. Ni na ce."

Ya ce, "To, Yaya." Tun yana ƙarami bai san wata amsa ba.

Ta kashe waya, ta kwance yarinya daga bayana ta saɓa a kafaɗa. "Duk Asabar ki kawo min ita. Ke kuma je ki sallami mutane, ɗayarsu dozin take so."

Washegari Madam ta duba shafukan ta riƙe baki. Wai injin yana ɗaukar mai gida huɗu maƙaryaci, shi ya sa ya ƙi nuna ni. Muka zauna a shagonta muka mayar da duka Rijiyar Lemo.

Yanzu ina shafi na biyu idan an bincika. Yaya kuwa duk wanda ya zo karɓar kaya sai ta gaya masa ita ta koya mini haɗin. Ina jinta daga kicin, ina cika kwalba.