Hajiya, me kika zuba a robar nan?

"Anti, ki sha kawai. Ko kanki ne ya sara, ni zan fara zuwa bakin gadonki."

Haka kika rubuto mini, Hajiya, saƙon yana nan a wayata. Kwana tara na yi a asibiti a Gusau, ban ga ko gyalenki ba.

Masu tambayar shirun da na yi wata biyu, ga dalili.

Farkon sanyin bana Hajiyar nan da ke zaurenmu na WhatsApp ta fara tallar wankin jiki irin na Indiya, wai Ayurveda. Wai sanyi yana tara majina a jiki, zafi na shigowa ta narke ta zama cuta, gara a kore ta tun da wuri. A sha man shanu kafin a karya, kullum a ƙara cokali, ran bakwai a kaɗa garin maganinta a ruwan ɗumi a sha. Ta ce in ajiye maganin hawan jinina, kada su gauraya.

Shekara ashirin ina koyarwa, amma na ajiye. Wannan wautata ce, na ɗauka.

Na sha garin, sai gudawa kwana uku. Na kira ta, ta ce dattin ne ke fita. Rana ta huɗu fitsari ya ɗauke, na zube a tsakar gida.

Ƙarin ruwa, gwajin jini kullum, ana auna fitsarina a kwalba. Maigida ya sayar da raguna biyu. Likita ya ce, "Malama, ƙodarki ta ji jiki. Me ke cikin garin nan?"

Ban sani ba. Robar ba takarda, sai ɗanƙon inda aka ɓare ta. Inna, mahaifiyata, da ta zo daga Kucheri ta sansana, ta ce, "Wanga ai filasko na, ɗiyata. Shi aka kai Indiya ya dawo?" Likita bai yi dariya ba. Ya ce yana zargin da wani abu bayan filaskon.

Da na farfaɗo na zauna na karanta. Masu ilimin nan na gaske sai sun duba mutum kafin su ba shi komai. Ke ko hawan jinina ba ki tambayi nawa yake ba.

Alhamdu lillahi, ƙodar ta dawo aiki. Nas-nas ɗin ɗakin mata, Allah ya saka muku. 'Yan'uwa, kada wata mai talla ta raba ku da maganin da likita ya ɗora ku a kai.

Abin da ya hana ni hutawa shi ne yayata a Kekun Waje. Tana da ciwon suga, Hajiya, tana da robarki biyu, kin kuma gaya mata wai ni jikina ne ya cika datti. Jiran ɗumin gari kawai take yi ta fara sha.

Kina da zuwa la'asar ɗin Juma'a ki rubuta abin da ke cikin garin a zaure, ki ce kowa ya dakata. In ba haka ba, ranar Litinin ni da robar da sakamakon gwajina muna ofishin hukumar kula da magunguna, daga can in sa sunanki da hoton shagonki a nan.