Allura Ba Ta Karɓarsa

Ranar Larabar da ta biyo bayan gama yankan dawa, shekarar da nake aji uku, ba a yi mana karatu ba. Tun da hantsi aka fito da bencuna aka jera a inuwar bishiyar bedin makarantarmu ta firamare, a ƙauyenmu da ke gaba da Mabai kaɗan, domin masu allurar rigakafi sun zo daga Ƙanƙara. Mata sun yi layi har bakin katanga, yara na ta tsala kuka tun kafin a taɓa su, malamanmu kuma na korar awakin da suka zo shinshinar akwatin sanyin da aka zuba magungunan a ciki. Ni ina tsakiyar layin, goye da Lawali, Kaka Dije tana gabana tana dogara sandarta. Tun daga gida nake jin zafin jikinsa yana ratsa zanen goyon yana dukan bayana kamar na goya tukunyar da aka sauke yanzu.

Lawali ɗan Baba Ƙarami ne, ƙanen mahaifina, kuma shi ne ɗan fari wurin matarsa Inna Hansai. Wanda bai tashi a irin gidanmu ba zai yi mamakin me ya hana uwar yaro ta kawo ɗanta da kanta. To, kunyar ɗan fari ce. Inna Hansai ba ta faɗin sunansa, ba ta goya shi ta fita, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Ko faɗuwa ya yi a tsakar gida, sai ta kau da kai ta ci gaba da surfenta, wani ya ɗauke shi. Nono ma sai ta shige ƙuryar ɗaki take ba shi. Mata kuwa yabonta suke yi, suna cewa Baba Ƙarami ya yi dacen mace mai alkunya. Saboda haka rainonsa ya faɗo kaina. Da shi nake zuwa rijiya, da shi nake roron gyaɗa a gonar bayan gari, in muna 'yar carafke shi ne mai kwashe mana duwatsu ya kai baki. Kaka kuma ta riƙe ikonsa, tana kiransa maigidanta, tana yi masa tsiyar bai kawo cefane ba.

Malamar asibitin da ke kan teburin allurar ba ta yi wa yaro allura sai ta yi tambayoyi. Yarinyar da ke gabanmu majina har leɓe, uwarta na ta ƙoƙarin gogewa kada a gani, amma malamar ta ce mura ba ta hana komai, ta yi mata. Da aka zo kanmu ta kwance Lawali daga bayana, ta dafa goshinsa, sai na ga ta ɗaure fuska. Ta sa masa ma'aunin zafi a hammata, ta tambayi Kaka ya jikinsa. Kaka ta ce, "Lahiya lau." Ta tambaya tun yaushe yake zazzaɓi, ko yana kama nono, ko ya taɓa shiɗewa, ko an taɓa yi masa wata allura jikinsa ya kumbura ko numfashinsa ya sarƙe. Wadda ta san amsar duk waɗannan, uwarsa, tana gida tana tankaɗe. Kaka kuma kunnenta ya yi nauyi, ga hayaniya, ga shi ba ta son a gane ba ta ji, sai gyaɗa kai take yi tana cewa i ga abin da ya kamata ta ce a'a. Da malamar ta nemi uwar yaron, wata mata a bayanmu ta yi dariya ta ce ai ɗan fari ne.

Malamar ta duba ma'aunin ta girgiza kai. Na ji abin da ta faɗa da kunnena, har yau kuma ban manta ba. Ta ce zazzaɓin ya yi ƙarfi, ba za ta yi masa yau ba. A fara kai shi a duba shi a ba shi magani, da zarar ya warware a kawo shi asibiti a Ƙanƙara a yi masa ta ƙyanda, kada a bari a daɗe. Har sau biyu ta maimaita tana ɗaga murya. Kaka ta ce to, ta ɗora mini shi, muka juyo.

Kafin mu kai zaure maganar ta sauya kama. Kaka ta shiga gida tana shela: "Sun duba maigidana sun maido shi. Allura ba ta karɓar jininshi." A wurinmu wannan magana ce da kowa ya sani. Akwai wanda wake ba ya karɓarsa, akwai wanda ruwan wani gari ba ya karɓarsa, kuma wanda abu bai karɓa ba, ba a sake kai shi gare shi. Na buɗe baki na ce ba haka malamar ta ce ba, cewa ta yi a koma in ya ji sauƙi. Kaka ta juyo da sandar nan ta nuna ni. "Ke mi kika sani? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba shi hango shi." Aka yi mini dariya, aka ce bokon aji uku ya fara hawa mini kai. Inna Hansai tana duƙe a bakin murhu, ba ta ko ɗago ba.

Zazzaɓin ya sauka bayan an sayo masa magani a kasuwa. Lawali ya murmure, ya fara tsayuwa yana dafa turmi, ya fito da haƙora huɗu da yake gwada su a kafaɗata. Baba Ƙarami ya tafi ci-rani kudu kamar yadda ya saba in an kai amfanin gona rumbu. Na ƙara tayar da maganar wurin mahaifiyata, ita ma ta gwada Kaka da dabara, Kaka ta ce ba za a kai mata miji a kashe ba. Ban ga laifin son da take yi masa ba, amma har gobe ina jin haushin taurin kanta. Mota na zuwa Ƙanƙara duk ranar kasuwa, an kai masara an kai kaji, ba a kai Lawali ba.

Da bazara ta yi tsanani, baƙo ya shigo gari. Ba a cewa ƙyanda a fili, sai dai a ce baƙon dauro ya sauka a gidan wane. Yaran da aka yi wa allura a makaranta yawancinsu suna ta wasan ƙasarsu. Lawali kuwa idanunsa suka yi ja, tari ya kama shi, ƙuraje suka feso daga bayan kunne suka rufe shi har tafin ƙafa. Aka kulle shi a ɗakin Kaka, aka hana shi wanka, aka toshe taga da tsumma don kada iska ta mayar da ƙurajen ciki. Ni aka hana ni shiga. Daga bakin ƙofa nake jin numfashinsa yana fita da ƙyar, yana wani gurnani da ban taɓa jin irinsa daga ƙirjin yaro ba.

Wata safiya Inna Hansai ta ajiye taɓarya a tsakiyar daka. Ta bi ta gaban mahaifina da sauran mazan gidan, ko mayafi babu, ta banka ƙofar Kaka ta fito da shi a kafaɗa. "Lawali! Lawali, buɗe ido!" Shi ne karon farko da na ji sunan a bakinta. Mahaifina ya nemo mai babur. Ba su kai Ƙanƙara ba. Kafin azahar aka dawo da shi a naɗe cikin zanen da nake goya shi da shi.

Bayan sadakar bakwai, muna wanke-wanke ni da ita a bayan ɗaki, ta tambaye ni ba tare da ta dube ni ba: "Mi malamar nan ta ce, ranar makaranta?" Na maimaita mata tiryan-tiryan. Ta daɗe tana cuɗa kwano ɗaya. Sannan ta ce, "Na ji ki tun ran nan. Na san ke ke da gaskiya." Ta ci gaba da wanke-wankenta. Kaka kuwa har ta koma ga Allah ba ta sake kiran wani jika maigidanta ba.

Yanzu a Ƙanƙara nake aure. Ƙauyenmu rashin tsaro ya watsa shi, ko makabartar da Lawali yake kwance ba ma iya zuwa. Duk ranar da na kai yarana rigakafi nakan ga 'yan mata sabbin haihuwa rungume da 'ya'yansu na fari, suna amsa tambayoyin malaman asibiti dalla-dalla, har da gardama. Tsofaffi na cewa kunya ta ƙare a duniya. Ni ma ina kewar gidan nan namu da ladabinsa, amma ban taɓa taya su wannan kukan ba. Inna Hansai ta manyanta, ita ke raka jikokinta, kuma in aka ce a dawo da yaro wata rana, ba ta tashi daga bencin sai an faɗa mata wace rana ce. Sa'o'in Lawali duk sun yi aure.